Baƙon Iri a Tafkin Shishib

Kaka Shawan ce ta fara ganinta. Da hantsi ne, tana zaune a goshin kwalekwale, 'yarta na tura su da gora, sun fita duba shinkafar bana. A irin wannan lokaci shinkafar tafki ba ta tashi ba tukuna, ganyenta kwance yake a kan ruwa kamar gashin da aka tsefe. Suna karya kwanar Lungun Kunkuru sai ga wata shinkafa a tsaye ƙyam. Kara mai kauri, tsawo ɗaya, launi ɗaya, sai ka ce an ja igiya an daidaita su.

Kaka ta tumɓuke guda, ta shinshina saiwar, ta murza karan.

"Wannan ba tamu ba ce."

Tamu ba ta san layi ba. Wata ta tashi yau, wata sai ta ga dama. In ta nuna kuwa, kana taɓa ta da sanda rabi ya zubo cikin kwalekwale, rabi ya koma ruwa, kuma wannan da ya koma shi ne abincin baɗi. Ita ke shuka kanta tun kafin a haifi kakan kowa a Tafkin Shishib. Sai dai in ambaliya ta yi wa wani lungu sanƙo, a cura ɗanyen iri cikin yumɓu, a shiga kwalekwale ana tafe ana saki.

Kafin rana ta take aka tsinci buhu a cikin duhuwar bakin gaɓa, a ninke tsaf, an danne shi da dutse. Jikinsa tambarin kamfanin nan ne da ya kewaye fadamar bayan tudu da waya. Kowa ya san abin da suke gwadawa a can: shinkafar da aka taɓa wa halitta a ɗakin gwaji, don ta daina zubar da ƙwaya, ta tsaya jiran inji.

Gari ya fito kaf. Maza da mata suka shiga ruwa suka tuge baƙuwar har saiwa. Mutum ɗaya ne bai shiga ba, Kawu Asin, wanda matarsa Odemin ta rasu bara dab da girbi. Ya zauna can nesa a kan kututture yana kallo, ba wanda ya yi mamaki. Mai makoki ba ya shiga ruwan shinkafa, ba ya taɓa sabuwarta, sai an kwance masa.

Da aka tara abin da aka tuge a rumfar suyar shinkafa, Kaka ta dubi tarin, ta ɗaga buhun.

"Ku dubi cikin buhun nan, ku dubi wannan ɗan tari. Ina sauran?"

Ta jefar da buhun a kan tarin.

"Tana can a wasu lunguna, bayan dogayen ciyayin kacala, ta yi ciki. Tamu ta bakin gaɓa ma ta fara ɗagowa, in ta tashi ta rufe ta ba idon da zai rarrabe. Furen baƙuwar ya buɗe, iska ta kaɗa, ƙurarsa ta sauka a kan tamu, shi ke nan. Tamu za ta koyi riƙe 'ya'yanta. Wadda ba ta zubarwa kuwa ba ta shuka kanta. Jikokinku a kanti za su sayi shinkafa, a leda."

Marvin mai rumfar suya ya miƙe. Tun yana yaro ake ce masa Gag, wato beguwa, saboda gashinsa da halinsa.

"Duk wanda ya yi wannan," ya ce yana dukan tukunya, "shi da gidansa kaf, ƙafarsu ba ta sake taka tafkin nan. Har jikoki!"

Jama'a suka ɗauka da ihu, dattawa suka gyaɗa kai cikin fushi. Idanu kuwa duk suka koma kan Rolan, wanda ya taɓa tuƙa wa kamfanin inji.

Kaka ta yafito Binesi. Shi ne mai bin sawun garin, ya ba hamsin baya. Ya taɓa bin wani maharbi da ya ɓace cikin ƙanƙara ya dawo da shi da rai, kuma har yau mutumin bai kawo masa ko cinyar barewa ba. Ta zuba masa taba a tafin hannu. In an ba ka taba ka rufe hannu, ka ɗauki aiki ke nan.

"Kaka, ruwa ba ya riƙe sawu," in ji shi, hannun a buɗe. "Kuma tun bara aka shuka ta. Ƙanƙara ta hau ta sauka."

"Ban ce ka bi ruwa ba. Ka nemo mini bakin da ya san inda sauran take. Rufe hannunka, ɗan nan, tabar za ta zube."

Ya rufe. Ta ɗauki kara guda mai ciki daga cikin tarin, ta tsoma a bokiti.

"Wannan a ɗakina za ta zauna. Ranar da ta buɗe, 'yan uwanta ma sun buɗe."

* * *

Rolan mijin Wabi ne, ƙanwar Binesi. Binesi ya same shi a bayan gidansa yana duban kwalekwalensa. Wani ya riga ya sare masa ciki da gatari.

"Ga sarkin sawu," in ji Rolan. "Ka zo auna ƙafata? Ga ta, amma ban wanke ba."

"Suruki, ba wasa ya kawo ni ba. Yaushe ka bar musu aiki?"

"Tun bazarar bara. Kai ka ɗauko ni ma ranar da aka kore ni, ka manta? Da lokacin shukar ya zo kuwa ina kwance da karaya, ƙanwarka ke kai ni ban ɗaki."

"Ina kai shi yana zagina," in ji Wabi daga taga. Idonta ya yi ja. "Yaya, an ce buhun a ninke yake?"

"A ninke. Da dutse a kai."

"To ka dubi mutumin nan. Tun da na aure shi ka taɓa ganin ya ninke ko wandonsa?"

Binesi bai yi dariya ba, amma maganar ta zauna masa. Mai mugun nufi ƙona buhu yake yi, ko ya nutsar. Wannan ajiyar ta mai niyyar mayar wa mai shi ce.

"A can yaya suke shukawa?"

"Inji ke watsawa, ko'ina daidai. Irin kuma a tankin ruwan sanyi yake zama, in ya bushe ya mutu. Direbobi ne ke jigilarsa." Rolan ya shafa saran gatarin. "Binesi, yarana sun ƙi fita. Jiya suna wasa da 'ya'yan mutane, yau ana jifansu. In ba ka samo shi ba, ni za su kama, kuma ni ban san inda take ba. Ko sun yanka ni ban sani ba."

* * *

Washegari zafi ya ƙaru, irin zafin da ke sa shinkafa sauri. Samari sun kwana biyu suna zagaye da kwalekwale, ba su ga komai ba sai sauro. Lungunan Shishib ba sa ƙirguwa, wasu ma sai ka san ƙofar.

Gag na kankare tukunyar suya lokacin da Binesi ya shiga.

"Muryarka ta fi ta kowa ranar nan," in ji Binesi.

"Da ita aka haife ni."

"Shekarun baya ma ita ta fi ta kowa, da aka kama ka kana cakuɗa ta gona da ta tafki a buhu ɗaya."

Gag ya jefar da makankarin.

"Af! Ashe ba za a manta ba? Soyayya na haɗa, malam mai sawu, soyayya! Ka taɓa ganin soyayyar shinkafa ta tsira? Na ci kunyata, Kaka ta sa na yi shekara ina soya wa gari kyauta. Kuma ka yi tunani mana. 'Yan birni don me suke zuwa rumfata? Don sunan tafkin nan. In aka ce ya gurɓace, wa zan soya wa, agwagi?"

"Wa ka gani a gaɓa bara bayan girbi?"

"Wasu 'yan makaranta da farar mota, da kwalabe. Je ka bi su."

Binesi ya bi su. Ya ɓata yini guda a hanya, ya tarar ruwa kawai suka ɗiba, kuma da 'yar Kaka suka shiga suka fita. Da ya dawo da yamma ya biya ta gidan Kaka. Ba ta ce masa sannu ba, ta ɗaga labule kawai. Cikin karan nan na bokiti ya kumbura, ya fara tsagewa ta gefe.

"Ka ci abinci?" in ji ta.

"A'a."

"To kada ka ci. Koma."

* * *

Da sassafe ya koma Lungun Kunkuru, amma wannan karon bai shiga kwalekwale ba. Kowa ta ruwa ya zo wurin, kowa ta ruwa ya duba. Shi ya bi ta tudu, ya hau faffaɗan dutsen da ke bakin gaɓa, ya tsaya.

Daga nan ne ya ga abin da ba a gani daga ƙasa. Duk inda aka tuge baƙuwar ya bar fili a cikin kwantaccen ganyen tamu. Filayen ba su yi layi ba, kamar na mai shuka daga kwalekwale. Ba su bazu ko'ina ba, kamar na inji. Ɗigo-ɗigo suke, sun lanƙwasa kamar baka sun kewaye dutsen.

Ya sauka gefen gaɓa ya tarar da ramin da aka yagi yumɓu da hannu, ciyawa ta fara rufe shi. Ya cura dunƙule ya koma kan dutsen ya jefa, ba da ƙarfi ba. Ya faɗa can gaba da filayen, da nisa.

Jifa ne, daga tudu, kuma hannun tsoho.

Sai ya duƙa yana duban laka. Ga sawu sabo, ba na bara ba: takalmi mai cinyayyen dunduniya, da jan doguwar sanda a gefe. Mai sawun ya yi ta kai da kawowa a bakin ruwa, ya durƙusa, ya miƙa sandar, ga inda ƙugiyarta ta karci laka ta dawo ba komai. Yana ƙoƙarin janyo 'yar ragowar abin da ya shuka ne, hannu bai kai ba. Taku biyu cikin ruwa da ya kai. Ruwan ko gwiwa bai kai ba a wurin.

Bai taka ba. Ko'ina sawun ya zo sai ya tsaya saura tafin hannu.

Binesi ya bi shi. Gaba kaɗan akwai ɗan rafin da ke malala cikin tafki, wanda ko mai rarrafe zai tsallake da jiƙa ƙafa. Sawun ya zo bakinsa ya juya, ya hau tudu ta cikin ƙaya, ya yi doguwar hanya har inda wani gungume ya faɗi a kan rafin, ya haye ta kai, sannan ya sauko. Daga nan ya hau kan duwatsu ya ɓace.

Binesi ya zauna a kan gungumen nan. Sauro na cizonsa bai kore ba. A garin nan kaf, ƙafa ɗaya ce ke tsoron ruwan Shishib haka. Kuma ya san dalilin da har yanzu take tsoro.

* * *

"Kaka, ki tara mutane a bakin ruwa. Rolan da Gag da kowa. Sannan ki dafa mini shinkafar bara, ko ludayi ɗaya ne. Ki ara mini cokalinki na itace."

Kaka ta dubi Binesi sama da ƙasa.

"Cokali," ta ce. "Ashe. Na daɗe ina jiran ranar da za ka tuna da cokali."

Ba ta buƙatar a gaya mata. Shekarun baya da matar Binesi ta rasu, Odemin ce ta dafa shinkafar fari, ta zo har gida ta ba shi a baki, ta kwance masa makoki ya koma ruwa. Wanda aka kwance wa, shi ke kwance wa gidan da ya kwance masa, ba mai shiga gabansa. Da Odemin ta rasu, Binesi ya ce sai ya dawo daga rakiyar wasu maharban birni. Ya dawo girbi ya wuce, kunya ta kama shi, ya ce sai an kwana biyu. Daga nan ya koma canza hanya in ya hango Kawu Asin.

"Kin sani, ba ki yi magana ba?"

"Na san ba ka biya ba. Ban san abin da rashin biyan ya haifa ba." Ta ɗaga bokitin. Kan karan ya fito, ƙananan furanni sun leƙo, ba su saki ba tukuna. "Tashi mu je."

Rana ta ɗaga lokacin da aka taru. Ko ganye ba ya motsi. An sa Rolan a gaba, Wabi ta riƙe masa riga. Kawu Asin na kan kututturensa.

Binesi ya tura kwalekwale cikin ruwa ya sake shi.

"Suruki, kamo mini shi."

Rolan ya shiga har cinya ya kamo. Binesi ya sake turawa.

"Gag."

"Ni ɗan aikenka ne?" Amma ya shiga, da takalmi da komai, yana tsaki.

"To kun gani," in ji Binesi. "Wanda ya shuka ta bai iya wannan ba. Daga kan dutse ya jefa, cikin yumɓu, yadda iyayenmu suka koya mana. Ya ninke buhun don ya mayar. Tun ranar da aka gano yake bin gaɓa da ƙugiya yana neman janyo ta, taku biyu ya raba shi da ita, bai taka ba. Ya gwammace ya ratsa ƙaya da ya jiƙa ƙafa a rafi. Mutumin da ya raina tafkin nan ba ya haka."

Ba wanda ya juya da farko. Sai wata mata ta kama baki. Sai kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa kututture.

Kawu Asin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Hannuwansa duk karce ne.

"Ni ne."

"Asin!" in ji Kaka. "Kai da ka koya wa rabin mutanen nan riƙon gora?"

"Yaya Shawan, ambaliyar bara ta share lungun Odemin. Kin gani da idonki. Tana kwance tana ce mini kada in bar shi da sanƙo. Na ce to." Ya murza hular. "Iri ɗanye ake so, jiƙaƙƙe. Ni ba ni da ikon shiga ruwa, ba ni da ikon taɓa sabuwar shinkafar tafki. Na jira a kwance mini. Na jira har sanyi ya fara kama bakin ruwa."

Bai dubi Binesi ba. Da ya dube shi da ya fi sauƙi.

"Sai motar wani direba ta kafe a laka kusa da gidana, na taimaka masa. Ya ba ni buhu jiƙe, ya ce shinkafa ce irin tamu, ambaliya ba ta kayar da ita. Ko tambarin ban kula ba. Na ce a raina, wannan ba ta tafki ba ce, ashe ba a hana ni taɓa ta ba. Na shuka lungun Odemin. Iri ya ragu, na ce zubarwa alhaki ne, na bi duk inda ya yi sanƙo ina jefawa."

"Ka ji mana!" in ji Gag. "Kana zaune ana neman kashe bawan nan Rolan, ka yi shiru?"

"Na buɗe baki ranar, Gag. Kai ka rufe mini. Ka ce har gidana, har jikoki. 'Yata Nodin da me za ta ciyar da yaranta? Na ce bari in janye ta da kaina." Ya nuna hannuwansa. "Ban iya ba."

"An yanke magana dai," in ji Gag, amma muryar ta ragu. "Kowa ya ji."

Binesi ya karɓi ƙwaryar shinkafa daga hannun Kaka.

"In za a kori gida, a fara da nawa. Hannunsa ne ya jefa, amma ni na bar shi a kan dutse. Da na kai masa cokali ɗaya bara, da irin tafki ya ɗiba." Ya je ya durƙusa gaban kututture. "Kawu, na makara. Ka karɓa."

Tsohon ya dubi cokalin.

"Ita ba ta bar ka ka jira ba," ya ce a hankali.

"Na sani, Kawu."

"Za ku yi kukanku daga baya," in ji Kaka. Ta ɗaga bokitin sama kowa ya gani. Fure ɗaya ya saki, yana reto, rawaya shar. "Asin, buɗe baki. Hukunci ni zan yanke, kuma ba wanda za a taɓa wa jika. Wurare nawa ne?"

Ya buɗe baki ya karɓa. Ya tauna, hawaye na bin gemunsa.

"Ba zan iya kwatantawa ba. Sai na gani."

"To shiga."

Ya zo bakin ruwa ya tsaya, saura tafin hannu, yadda ya saba. Rolan ne ya miƙo masa hannu.

"Taho, Kawu. Amma gyaran kwalekwalena a wuyanka yake."

* * *

Kowane kwalekwale da ke garin ya fita. Binesi ke tura na gaba, Kawu Asin a goshi yana nuni da hula. Bayan kacalar da samari suka wuce sau da yawa, ga ta. Ƙarƙashin bishiyar da ta rusuna cikin ruwa, ga ta. Tamu ta fara tashi a kewayenta, da an ƙara kwana da ba a gane ba. Duk inda ya nuna a bar mutane suna tuge, sauran su yi gaba. Ba mai waƙa, ba mai zolaya. Kowa na ɗaga kai yana duban gajimaren da ke haɗuwa a yamma.

Lungun Odemin ne na ƙarshe, kuma shi ya fi samun rana. Da suka kutsa ta ƙofarsa Binesi ya kafa gora ya tsaya cak.

Ta cika shi fal. Kuma ta buɗe. Furanni na reto a kowane kai, ruwan ƙarƙashinsu lumui. A gefe da gefe ga tamu ta ɗago, kawunanta na fari sun fito.

"Kada wanda ya tuge," Kaka ta ce da raɗa. "Kuna girgizawa ƙurar furen ta tashi. Ku jiƙa riguna, ku jiƙa barguna. A lulluɓe kai tukuna, a yanke ta ƙarƙashin ruwa. Wanda zai yi atishawa ya fita."

Haka aka yi, kai bayan kai. Gag ya tuɓe rigarsa ta zuwa coci ya tsoma. Kawu Asin ya sauka cikin ruwa har ƙirji, yana rungumar kowane kai da jiƙaƙƙen mayafin Odemin da ya kwanto daga wuyansa, yana yankewa, yana miƙa wa Binesi. Abin da ya shuka mata ke nan. Bai yarda wani ya yanke na tsakiya ba.

Saura 'yan kawuna can gefe lokacin da ganyen bishiyoyin tudu suka fara kaɗawa.

"Maza!" in ji Kaka, ta manta da raɗa.

Rolan ya faɗa da bargo ya rufe wasu. Wabi ta rufe wasu da zanenta. Kawu Asin ya miƙa hannu ga na ƙarshe, laka ta riƙe masa ƙafa. Iskar ta iso. Kan ya sunkuya, ya ɗago, wata 'yar ƙura rawaya ta tashi, ba ta fi hayaƙin taba ba, ta bi ta kan ruwa wajen tamu ta ɓace.

Ya kama kan ya danna shi cikin ruwa, ya riƙe shi a can kamar zai iya dawo da abin da ya tafi.

Aka yanke tamu ta wannan gefen gaba ɗaya, har inda ido ya ga ƙurar ta nufa, har gaba da nan. Yayyafi ya sauko ana cikin yi. Da aka gama ba wanda ya ce a tafi.

"Yaya Shawan," in ji Kawu Asin, haƙoransa na haɗuwa. "Ta kama?"

"Ban sani ba. Bana ba za ta nuna ba. 'Ya'yan da za ta zubar ne za su faɗa, baɗi ko baɗin baɗaɗa." Ta share ruwa daga fuskarta. "Ga hukuncinku, kai da mai gorarka. Duk shekara, tun tana kwance har ta nuna, ku biyu za ku bi kowane lungu. Duk wadda ta tsaya kafin 'yan uwanta, duk wadda aka taɓa ta ƙi zubarwa, ku tuge. Har ku mutu. Gag zai gyara kwalekwalen Rolan, don bakinsa ne ya sare shi."

Gag ya dubi fuskarta, ya gyaɗa kai.

Binesi ya laluba aljihu ya ciro cokalin itacen nan, ya ɗauraye, ya miƙa mata. Kaka Shawan ba ta taɓa barin ko allurarta ta kwana a gidan wani ba. Ta dubi cokalin, ta dubi 'yarta da ke tsaye da gora a bayan kwalekwale, ta mayar masa da hannunsa.

"Riƙe. Ba kyauta ba ce. Ranar da na tafi, kai za ka kai wa wannan." Ta nuna 'yar da haɓa. "Kada ka bari ta jira."